Keke Ne Ko Babur? Matsayin Keke Mai Inji a Idon Doka

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, zuwa makaranta ya zama lissafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake dubu. Mai babur ya fara tausaya wa totur, wanda ba shi da shi ya kakkaɓe keken da ya jingine tun yana sakandare. A tsakanin waɗannan biyu ne wani abin hawa na uku ya kunno kai: keke mai batir da ake shigowa da shi daga Sin, da kuma keken gida da ake ɗaura wa ƙaramin injin fetur. Mu da ke sashen injiniyan kanikanci mun fi kowa saninsa, domin yana cikin abubuwan da ɗaliban ajin ƙarshe ke son ɗauka a matsayin furojek.

A wajen kare furojek za a tambaye ka ƙarfin injin, da lissafin giya, da yawan man da yake sha. Tambayar da ke jiranka a bakin get daban ce: wannan abin da ka hau, keke ne ko babur? Amsar ita ce ke yanke ko kana buƙatar lamba, da lasisi, da inshora, da hular kwano, ko kuwa ba ka buƙatar komai. Ita nake so mu yi nazari a kai.

Tambayar ta girme mu duka. Honda ɗin da muke alfahari da ita daga keke mai inji ta faro. A 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Soichiro Honda ya sayi ragowar ƙananan injinan da sojojin Japan ke kunna rediyo da su, ya riƙa ɗaura su a jikin kekuna a garin Hamamatsu. A shekarar nan dai Ducati ta Italiya ta shiga ƙera injin keke mai cc 48, Faransa kuma ta fito da VéloSoleX, wanda injinsa ke zaune a kan tayar gaba yana murza ta. Suzuki ta biyo baya a 1952 da mai cc 36. Duk talauci da tsadar mai ne suka haife su, kamar dai yadda muke ciki yanzu. Gwamnatocin waɗancan ƙasashe sun shafe shekaru suna gyara dokokinsu a kan abin, shi ya sa yana da kyau mu leƙa inda suka tsaya kafin mu dawo gida.

Abin da za ka fara lura da shi shi ne, babu ruwan doka da sunan da mai shago ya raɗa wa kayansa, ko kamannin abin. Abu uku take aunawa. Ƙarfin injin, wanda a na fetur ake auna shi da cc, a na lantarki kuma da wat. Iyakar gudun da injin zai iya kai ka. Sai kuma wa ke yin aikin, ƙafarka ce injin ke taimaka wa, ko kuwa kana zaune ne kawai kana murɗa totur.

Bari in tsaya kan cc, don akwai wata rufa-rufa a nan da ya kamata ɗan injiniya ya iya tonawa. Girman inji shi ne faɗin bakin silinda sau nisan tafiyar fistin. Ka ɗauki faɗin silindar, ka ninka shi da kansa, ka ninka da 0.7854, sannan ka ninka da tafiyar fistin. Injinan keke da ake tallatawa a matsayin masu cc 80, da yawansu faɗin silindarsu milimita 47 ne, tafiyar fistin milimita 38. Buga a kalkuletarka ka gani: kusan cc 66 za ka samu. Wato ba su kai abin da aka rubuta a kwali ba, amma kuma sun zarce cc 50, wanda shi ne layin da ƙasashen Turai suka shata tsakanin ƙaramin babur da cikakken babur. An cuce ka a kasuwa, sannan doka ta ɗaga ka zuwa aji na sama. Ƙaramin ɗan'uwansa mai faɗin milimita 40 shi ne ke faɗowa wajen cc 48.

To me ya sa ake ta ƙwaƙwa a kan gudu? Wannan darasin fiziks ne na shekarar farko. Ƙarfin da abu mai tafiya ke ɗauke da shi yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Mu ce kai da kekenka kilo 100 ne. A gudun kilomita 25 cikin awa, in ka yi karo da bango, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita biyu da rabi. A kilomita 45, daidai yake da faɗowa daga kusan mita takwas, wato saman bene. Gudun bai ma ninka biyu ba, amma bugun ya ninka fiye da sau uku. Nisan da za ka ja kafin burki ya tsayar da kai shi ma haka yake ninkawa. Ga shi kuma burkin keken roba ce 'yar ƙarama mai matse bakin ƙafa, an yi ta ne don mutumin da ƙarfin ƙafarsa bai fi wat ɗari ko ɗari da 'yan kai ba a tafiya ta yau da kullum. Ƙafafun keken, da firam ɗin, da cokalin gaba, duk ba a ƙera su don jijjigar inji ba. In ka fahimci wannan, lambobin da ke cikin dokokin za su daina yi maka kama da son rai.

Na zaɓi Birtaniya in daɗe a kanta saboda dokokin hanyarmu daga nata suka samo asali. A can, keke mai batir yana nan a matsayin keke muddin ya cika sharuɗɗa: yana da feda mai aiki, ƙarfin motarsa bai wuce wat 250 ba, kuma motar tana daina taimakawa da zarar an kai mil 15.5 a awa, wato kilomita 25. Mai shekara 14 zai iya hawa. Babu lasisi, babu rajista, babu haraji, babu tilascin inshora. Dokar tun 1983 take, da wat 200 da mil 15, sai a 2015 aka daidaita ta da ta sauran Turai. Kula da kyau, ba a hana ka wuce kilomita 25 da ƙarfin ƙafarka ba, ko a gangara. Motar ce kawai aka ce ta janye hannu.

Totur ma an yi masa iyaka. A sababbin kekuna tun daga 2016, totur ɗin da ke tafiyar da keke ba tare da an taka feda ba bai kamata ya wuce kilomita 6 a awa ba, gudun mai tafiya a ƙasa ke nan, sai fa in an kai keken an gwada an ba shi takardar amincewa ta musamman.

Da zarar an tsallake ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan, ko da wat ɗin ne kawai ya ƙaru, shi ke nan, abin ya tashi daga keke ya koma babur. Sai rajista a hukumar DVLA, da lamba, da inshora, da hular kwano irin ta babur, da lasisi tare da horon farko na tilas da suke kira CBT, kuma sai ka kai shekara 16. Kafin ma a yi rajistar, sai abin hawan ya ci jarrabawar ingancin ƙira, inda ake duba burki da fitilu da tayoyi, kuma keken da aka haɗa a bayan gida da wuya ya haye. Wanda aka kama ba inshora, tarar fam 300 ce da maki shida a kan lasisinsa, 'yan sanda kuma na iya tafiya da abin. Injin fetur kuwa ba shi da wannan rangwamen ko kaɗan. Ko cc nawa ne, in dai mai yake sha, abin hawa mai inji ne.

Abin da ya burge ni a tsarin nan shi ne mutum zai iya sanin matsayinsa tun kafin ya fito daga gida. Lambobi ne a rubuce, ba sai ka tsaya gardama da jami'i a bakin titi ba.

Sauran Turai ma wat 250 da kilomita 25 ne. Akwai kuma aji na tsakiya: ƙaramin babur da bai wuce cc 50 da kilomita 45 ba, mai lasisinsa na daban da ake kira AM tun 2013. A Faransa ɗan shekara 14 na iya samunsa. Su Faransawa sun daɗe suna barin irin waɗannan ba lamba, sai a 2004 suka wajabta wa sababbi rajista, a 2011 kuma har tsofaffin. Jamus dabararta ta fi ba ni sha'awa: ƙaramin babur lambar kamfanin inshora yake ɗauka, ana sabunta ta kowane watan Maris, launinta kuma na sauyawa duk shekara tsakanin baƙi da shuɗi da kore. Daga nesa ɗan sanda ya san wanda bai biya ba.

Amurka ta fi sakin hannu. Dokar tarayya ta 2002 ta amince da ƙasa da wat 750, kimanin ƙarfin doki ɗaya ke nan, da mil 20 a awa, amma kowace jiha ke tsara yadda za a hau a titinta. Kalifoniya ta raba kekunan batir aji uku a 2015, mafi gudu a ciki mil 28 ne, shi kuma sai mai shekara 16 da hular kwano. Keke mai injin fetur a jihar yana buƙatar lasisin babur da lamba ta musamman da ake biya sau ɗaya.

Ita kuwa Sin, inda kayan da ke kasuwanninmu ke fitowa, ƙa'idar da ta fara aiki a Afrilun 2019 ta tsayar da keken batir a wat 400 da kilomita 25 da nauyin kilo 55. Duk abin da ya zarce wannan wat ɗin ko wannan gudun babur ɗin lantarki ne. Saboda haka in mai shago ya nuna maka wani jibgege mai wat 1,000 ko 1,500, mai kujerar mutum biyu, ya ce maka ai keke ne tunda ga 'yar feda nan a maƙale, ka sani ko a ƙasar da aka ƙera shi ba a kiransa keke.

Yanzu mu dawo gida.

Mutane da yawa ba su san cewa ko keken ƙafa zalla yana da mai ba shi lasisi a Najeriya ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa ba da lasisin kekuna da kwale-kwale da baro da amalanke cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ka tambayi kakanka labarin lasin keke a zamanin En'e, zai ba ka. Amma da zarar inji ya shigo, magana ta bar hannun ƙaramar hukuma. Dokokin hanyarmu suna fassara abin hawa mai inji a matsayin duk abin da inji ke turawa wanda aka ƙera, ko aka gyara, don amfani a kan titi. Kalmar nan ta gyarawa ita ce ta kama mu. Keken da ka yi wa walda ka ɗaura masa inji da tanki, ai gyara shi ka yi don ya hau titi da ƙarfin inji.

Sai batun lasisi. A ƙarƙashin Dokokin Zirga-zirga na Ƙasa na 2012, ajin lasisi mafi ƙanƙanta shi ne A, na babur. Babu wani aji a ƙasansa irin AM na Turai. Shekarun samun lasisi kuma 18 ne. A fahimtata, ma'anar wannan a fili take: keke mai injin fetur, ko cc 48 ne ko 66, wurin zamansa ɗaya ne a dokarmu, wato layin babur. Wanda zai hau shi a titin gwamnati yana buƙatar abin da mai Bajaj ko Jincheng ke buƙata. Na batir mai totur, wanda ke tafiya ko ba ka taka feda ba, shi ma ban ga ta inda zai kuɓuce wa waccan fassarar ba, tunda fassarar ba ta ce sai injin fetur ba. Wanda ke da hujja mai ƙarfi ta cewa keke yake hawa shi ne mai ƙaramar mota da ba ta motsi sai an taka feda.

Hukumomi uku ne ke da hannu a takardun. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, ta ofishinta na lasisin ababen hawa, ita ke karɓar kuɗi ta yi rajista. Jami'an VIO su ke gwada direba da lafiyar abin hawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke riƙe da rumbun bayanai na ƙasa da tsarin buga lamba da katin lasisi. Lasisin na shekara uku ne ko biyar. Rubutun lambar na kai shuɗi ne, na haya ja, na gwamnati kore.

Inda gizo ke saƙar ga mai haɗin gida shi ne fom ɗin rajista. Ana neman lambar shasi, da lambar inji, da shaidar mallaka. Babur ɗin kamfani da waɗannan yake zuwa. Kai kuwa keken na yayanka ne tun shekara goma, injin kuma ka saye shi a kwali ba rasit. Shawarata ga 'yan ajin da ke bayanmu ita ce tun ranar sayayya ku sa mai shago ya rubuta lambar injin a kan rasit mai hatimi, in injin na da ita. Ku juya keken ku duba ƙarƙashin inda feda ke juyawa, galibi nan ake buga lambar firam, ku rubuta ta ku ajiye, kada walda ko fenti ya shafe ta. Ku karɓi wasiƙa daga sashe mai nuna cewa aikin makaranta ne, da sunayen 'yan rukuni. Gwajin gudu kuma a yi shi cikin harabar makaranta da izini. In za a kai shi baje koli a gari, a ɗora shi a bayan a-kori-kura.

Inshora ita ce abin da muka fi rainawa, alhali ita ce mafi araha. Inshorar kare wanda aka buge wajibi ce a ƙasar nan tun dokar 1945. A farashin da hukumar NAICOM ta tsayar daga Janairun 2023, ta babur naira 3,000 ce a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan ɗaya. Daga 1 ga Fabrairu, 2025 'yan sanda suka fara matsa lamba a kanta a duk faɗin ƙasa. Sai dai kamfanin inshora bayanan rajista yake nema, don haka wanda ba shi da lamba ba shi da inshora. Ka ƙaddara yaro ya ɓullo da gudu daga lungu, kai kuma kana kan kilomita 40 da burkin roba. Allah Ya kiyaye. Amma in ta faru, kuɗin asibiti da duk abin da ya biyo baya a wuyanka yake, ko in faɗi gaskiya, a wuyan mahaifinka. Kuma tambayar farko a ofishin 'yan sanda ita ce ina takardu. Cewa “ai keke ne, ranka ya daɗe” ba za ta yi nisa ba alhali ga tanki ga salansa.

Hular kwano kam ba sai na ja ba. An fara tilasta ta ranar 1 ga Janairu, 2009, lokacin da wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka har labarin ya zaga duniya. Mun yi dariya, amma ku koma kan lissafin mita takwas ɗin can.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da yankinmu wanda Bature bai san da shi ba, wato dokokin hana babur. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006. A Maiduguri an hana babura gaba ɗaya a Yulin 2011 saboda tsaro. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Wasu jihohin Arewa maso Yamma ma sun sha taƙaita hawan babur a wasu yankuna ko wasu sa'o'i. A irin waɗannan wurare, zaman abin hawanka keke ko babur ya wuce maganar tara. Jami'in tsaron da ke shingen bincike da dare ƙarar inji yake ji, ba zai tsaya auna faɗin silinda ba. Ɗalibin da zai tafi hutu da irin wannan keke ya fara tambayar dokar da ke aiki a garinsu.

Ni a ganina dokarmu ta yi wa abin kuɗin goro. Bai dace a ce keken da ke taimaka wa ƙafa da wat 250 da babur mai cc 150 suna fuskantar tambaya iri ɗaya a bakin titi ba, kuma rashin layi a rubuce shi ke buɗe ƙofar “kawo na goro”. Da za a ɗauki lambobin nan da duniya ta riga ta gwada, a ce ƙasa da wat 250 da kilomita 25 keke ne, daga nan zuwa cc 50 da kilomita 45 a yi masa ƙaramin aji mai rajista mai sauƙi, da an huta. Ya kamata kuma a samar da hanyar da VIO za ta duba abin da aka haɗa a gida ta buga masa lambar shaida, tunda ana ta kiran matasa su ƙirƙira, ga shi abin da suka ƙirƙira ba shi da gurbi a fom. Wannan magana ce da ƙungiyar ɗalibai da shugabannin sassan injiniya za su iya kai wa majalisar jiha a rubuce.

Kafin nan, ga masu furojek na batir, akwai abin da ke hannunku. Yawancin na'urorin sarrafa motar keke suna da wurin saita iyakar gudu, ko a allon hannu ko ta wata waya da ake haɗawa. Ku tsayar da shi a kilomita 25, ku sa na'urar da ke jin motsin feda a maimakon totur, ku sauya burkin gaba zuwa na faifai. Sannan a babi na uku na rahotonku, kusa da lissafin giya, ku ware shafi guda ku rubuta wat nawa, gudu nawa, da ajin da abin ya faɗa a doka.